Sent Helena ba ƙofar Landan ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ƙanena a Jos ya sa filinsa a kasuwa, wai wani ejan zai kai shi tsibirin Sent Helena yawon buɗe ido, daga can ya zarce Landan tunda ƙasar Ingila ce. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Malam, ka tare shi tun kafin dillali ya karɓi kafin alƙalami.

Maganar nan na ji ta a ofishina a Wuse har kunnena ya gaji. Gaskiya ne tsibirin yana ƙarƙashin Birtaniya, amma hukumar shige da ficensa daban, bizarsa daban. Wanda ya sauka can bai taka Ingila ba, kuma babu jirgin fasinja da ke tashi daga can zuwa Landan. Jirgin Airlink ne daga Afirka ta Kudu, galibi sau ɗaya a mako, shi zai kai ka, shi zai dawo da kai. To in ya ce zai ɓace, a ina? Mutanen wurin ba su kai 5,000 ba, kowa ya san kowa, ga teku kusan kilomita 1,900 tsakaninsa da gaɓar Afirka. Ba banza Turawan Ingila suka tsare Napoleon, tsohon Sarkin Faransa, a can har ya mutu a 1821 ba, suka kuma kai Dinuzulu, Sarkin Zulu, a 1890. Wurin da aka zaɓa don ba ya tseruwa, shi ake sayar wa yaranmu a matsayin hanya! Wata uwa ta taɓa zama a gabana, rasiɗi a ƙulle cikin leda, lambar ejan a kashe, ta kasa shan ruwan da na miƙa mata. Masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah, haƙƙi ba ya barin mutum.

In yawon gaske ne, ya nemi bizar tsibirin ta intanet, da ta Afirka ta Kudu, da inshorar lafiya da za ta iya ɗauko shi a jirgi in ciwo ya yi tsanani. Zai ga wani tsohon kunkuru mai suna Jonathan da aka kawo tsibirin tun 1882. Ni dai abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne Kwarin Rupert, inda aka binne dubban 'yan Afirka da aka ƙwato daga jiragen bayi bayan 1840, ba su sake ganin gida ba. Amma ko wannan, ba da kuɗin fili ba.