Wa ya zana tsofaffin gine-ginen Jami'ar Ibadan?

Malam, ka tambayi wanda ya zana tsofaffin gine-ginen Jami'ar Ibadan, da dalilin da ya sa bangonsu ke da huda-huda kamar rariya.

Aikin wasu Turawan Ingila ne, mata da miji, Maxwell Fry da Jane Drew. Aikin soja ne ya fara kawo Fry Afirka ta Yamma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sun zana makarantu a Gana, sannan aka ba su aikin kwalejin Ibadan da aka kafa a 1948, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ibadan. A 1951 suka tafi Indiya aikin gina birnin Chandigarh.

Hudar nan kuwa ba ado kaɗai ba ce. Ibadan gari ne mai zafi da laima, ga shi lokacin na'urar sanyaya ɗaki ba ta wadata ba. Sai suka yi gine-ginen dogaye, sirara, da bangon siminti mai ƙofofi, iska ta ratsa, rana ta tsaya waje. Ka duba ɗakin karatu na Kenneth Dike, nan dabarar ta fi fitowa. A ganina da a Kano aka yi haka, da ƙurar hunturu ta binne littattafan.