Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Kalsiyam, Gado da Bugun Zuciya

Tambaya daga wata uwa a unguwar Nima, birnin Accra na Ghana: Likita, ɗana mai shekara 19 ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, da aka yi masa hoton zuciya sai aka ce tsokar zuciyarsa ta yi kauri, kuma wai gadonsa ya yi. Ta yaya ake gadon irin wannan?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, kuma kin kyauta da ba ki ɗauki sumar a matsayin gajiya kawai ba. A cikin kowace ƙwayar tsokar zuciya akwai zaruruwa iri biyu, aktin da mayosin, waɗanda jan juna da suke yi ne ke sa zuciya ta matse ta tura jini. Idan zuciya tana hutawa, wani furotin mai suna tropomayosin yana rufe wurin da za su haɗu. Da zarar saƙon lantarki na bugu ya iso, sai sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar, ya manne da wani furotin da ake kira troponin C, shi kuma ya sauya siffa ya kawar da abin da ya tare hanya, kamar yadda mabuɗi ke sakin kwaɗo. Daga nan sai a janye kalsiyam ɗin, tsoka ta saki, zuciya ta sake cika da jini.

Umarnin ƙera troponin C yana cikin ƙwayar gado mai suna TNNC1, wadda ke kan kromosom na 3, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Idan aka samu tangarɗa a cikinta, wani lokaci troponin C yakan riƙe kalsiyam fiye da kima, sai tsokar ta kasa sakin jiki sosai, ta yi ta kauri; wani lokaci kuma riƙon yakan yi rauni, sai zuciya ta buɗe ta rasa ƙarfin tura jini. Tangarɗar TNNC1 ba ta da yawa, domin mafi yawan masu kaurin tsokar zuciya na gado matsalarsu tana cikin wasu ƙwayoyin gado biyu ne, MYH7 da MYBPC3. Ciwon kansa kuwa yana samun kusan mutum 1 cikin 500, kuma shi aka gano a zuciyar ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé, wanda ya faɗi a fili, ya rasu jim kaɗan bayan haka, a birnin Liyon na Faransa a shekarar 2003.

Abin da ya fi damuna shi ne sauran 'yan gida. Idan uwa ko uba na ɗauke da tangarɗar, kowane ɗa yana iya gadonta ko ya kuɓuta, rabi da rabi, kuma mutum yana iya kai shekaru bai ji komai ba. Don haka ke da mahaifinsa da duk 'yan uwansa na ciki ɗaya ku je a yi muku gwajin lantarkin zuciya da hoton zuciya. Cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra tana yin su. Shi kuma ya dakatar da ƙwallo har sai likitan zuciya ya yanke hukunci.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Madina ta Accra: An kai mahaifina asibiti da ciwon ƙirji, aka ce troponin ɗinsa ya hau. Shin gado ne?

Malam, wannan wani abu ne daban. Troponin yana da sassa uku, C da I da T, kuma gwajin jini yana auna I ko T ne, saboda irin troponin C na zuciya ana samunsa a wasu tsokokin jiki ma, don haka ba zai nuna inda ɓarnar take ba. Hawansa yana nufin ƙwayoyin tsokar zuciya sun ji rauni har abin da ke cikinsu ya zubo cikin jini, galibi saboda toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, kodayake ciwon ƙoda ma yana iya ɗaga shi. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan 'yan sa'o'i.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Maamobi: Ko shan ƙwayar kalsiyam zai ƙara wa zuciyata ƙarfi?

Ba zai ƙara ba, 'yar uwa. Tun 1883 Sydney Ringer ya nuna a Landan cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa idan babu kalsiyam, amma jiki yana daidaita yawansa a jini da kansa, yana ɗebowa daga ƙashi idan ya yi ƙaranci. Yawan shan ƙwayar ba tare da umarnin likita ba yana iya jawo tsakuwar ƙoda. Wagashi da nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu sun wadatar da yawancin mutane, kuma idan kina shan maganin hawan jini irin su amlodifin, wanda ke rage shigar kalsiyam cikin tsokar jijiyoyin jini, ki ci gaba da shansa, domin ba ya rage kalsiyam ɗin jikinki.