Me ya sa ƙungiyoyin ƙwallon Najeriya ba sa tsufa, kuma yawancinsu na gwamnati ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magoyin bayan Kano Pillars ne tun ina ƙarami. Na ga an kafa Al Ahly ta Masar a 1907, Hearts of Oak ta Ghana a 1911, Asante Kotoko a 1935, amma tamu sai 1990. Shin ba a buga ƙwallo a Najeriya da wuri ba ne? Ina tsofaffin ƙungiyoyinmu suka shiga, kuma me ya sa kusan kowace ƙungiya a gasar Firimiya ta gwamnatin jiha ce? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An daɗe ana buga tamaula a ƙasar nan. Wasan farko da aka rubuta labarinsa an yi shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin 'yan makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Abin da ya bambanta mu da Masar da Ghana shi ne masu ƙungiyoyin. Al Ahly da Hearts jama'ar gari ne suka taru suka kafa su, ko wane ne ya mutu ko ya talauce, ƙungiya na nan. Mu kuwa, tun farko ƙungiyoyinmu reshe ne na ma'aikata, ko kamfani, ko aljihun attajiri guda. Ranar da mai abu ya gaji, ranar ƙungiya ke rufewa.

Dubi waɗanda suka riƙe ƙwallon Legas a zamanin Turawa: Marine ta hukumar jiragen ruwa, Railway ta hukumar jirgin ƙasa, PWD ta ma'aikatar ayyuka, sai ta 'yan sanda, daga baya ECN ta hukumar lantarki. Da aka fara Kofin Gwamna a 1945, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale, Marine ce ta fara ɗauka, Railway kuma ta mamaye shekarun da suka biyo baya. Ɗan wasa a lokacin ma'aikaci ne. Sunansa na cikin takardar albashi a matsayin akawu ko makaniki, da safe yana ofis, da la'asar yana fili. In ƙungiya na son ƙwace gwani daga wata, aiki take ba shi ko ƙarin girma. Ba a buƙatar kuɗin ƙofa don a rayu, don haka ba wanda ya damu ya tara mambobi masu biyan kuɗi ko ya mallaki fili. Nnamdi Azikiwe ya gwada wata hanya a 1938 da ya kafa Zik's Athletic Club don 'yan ƙasa, amma ita ma da shi ta dogara.

Tunda kai Bakano ne, ga wani abu da ya kamata ka riƙe. A 1953 Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2-1 ta ɗauki kofin, karo na farko ke nan da ya bar Legas. Wasu rubuce-rubuce suna jingina wannan nasara ga Pillars, alhali ba a kafa ta ba tukuna. Zaɓaɓɓun 'yan wasan gari ne aka haɗa suka wakilci Kano, kamar yadda Kalaba da Fatakwal suka yi suka ci a shekaru biyun da suka biyo baya. Ana gama gasa kowa ya koma ƙungiyarsa.

Gasar ƙasa baki ɗaya ba ta fara ba sai 1972, bayan yaƙin basasa, kuma Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ta ci ta farko. Shekarun 1970 su ne lokacin da ƙungiyoyinmu suka fi kusa da zama na jama'a da gaske. Rangers ta Inugu an kafa ta a 1970, ana gama yaƙi, Inyamurai suka ɗauke ta abin share hawaye. Shooting Stars ta Ibadan ta zama ta Yarabawa, Bendel Insurance ta mutanen Benin, Raccah Rovers ta Kanawa, har ta ci gasar a 1978. Shooting Stars ce ta fara kawo wa Najeriya kofin nahiya a 1976, Kofin Masu Kofuna, bayan ta doke Tonnerre ta Yawunde, da su Segun Odegbami da Muda Lawal. A shekara ta gaba ta haɗu da Rangers a wasan kusa da ƙarshe na wannan kofin. Zafin gaba ya kai sai da aka ɗauke wasa na biyu aka kai Kaduna, Rangers ta tsallake a bugun fenariti, ta je ta doke Canon ta Yawunde ta ɗauki kofin. Amma ko a lokacin, ka duba sunayen. Cikakken sunan ta Ibadan IICC Shooting Stars ne, kuma IICC kamfanin zuba jari ne na gwamnati. Bendel Insurance kamfanin inshora ne na jiha. Jama'a sun ba da zuciya da maƙogwaro, takardar mallaka tana wani ofis.

Shekarun 1980 ne suka tona asirin wannan tsari, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. Kamfanoni da attajirai sun shigo da ƙarfinsu. Leventis United ta Ibadan ta ci rukuni na uku a 1984, na biyu a 1985, na ɗaya a 1986, shekara bi shekara, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Masu Kofuna a 1985, inda Al Ahly ta sha da ƙyar da ci 2-1 a jimillar wasanni biyu. Abiola Babes ta Cif M.K.O. Abiola ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. New Nigeria Bank ta Benin, inda Stephen Keshi ya yi suna, ta ci gasa a 1985. A Kaduna akwai DIC Bees ta masana'antar ƙera makamai, wadda ta koma Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na nahiya a 1988, da ƙungiyar masaƙar UNTL inda Rashidi Yekini ya fara. A Gboko kamfanin siminti na Binuwai ya riƙe BCC Lions, ta ɗauki Kofin Masu Kofuna a 1990 a hannun koci Shuaibu Amodu.

To, kafin shekarun 1980 su ƙare, masu Leventis United da Abiola Babes sun janye hannu, ƙungiyoyin suka watse suna kan ganiyarsu. Babu wani taron mambobi da zai ce a'a, domin babu mambobin. Sauran kuma tattalin arziƙi ya bi da su. Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, darajar naira ta zube, masaƙu da bankuna da kamfanonin gwamnati suka shiga halin ni 'yasu. Kamfanin da ke neman kuɗin albashin ma'aikata, ƙungiyar ƙwallo ce farkon abin da zai yanke. BCC Lions ta dusashe tare da kamfanin da ya haife ta. Stationery Stores ta Legas, wadda Israel Adebajo ya kafa a 1958, ba ƙungiyar da ta fi ta magoya baya masu zafi a birnin, ta ci gasa a 1992, amma rigimar mallaka a cikin iyali ta durƙusar da ita. Wannan ita ta fi ba ni takaici, don tana da jama'ar da za su iya riƙe ta da an ba su hannun jari.

Faɗuwar naira ta kuma buɗe ƙofar fita. Keshi ya tafi Abijan a 1985, daga can Beljiyam, ya share wa na baya hanya. Yekini ya tafi Africa Sports ta Abijan a 1987, Daniel Amokachi ya bar Ranchers Bees zuwa Club Brugge a 1990, Tijjani Babangida ya bar Niger Tornadoes zuwa Roda ta Holan, Finidi George da Nwankwo Kanu suka tafi Ajax a 1993. Sannan tauraron ɗan'adam ya kawo ƙwallon Ingila cikin gidajen kallo, matasa suka koma Arsenal da Manchester United.

A tsakiyar wannan hali aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a 1990, kuma a nan Pillars ta shigo. Haɗa ƙungiyoyi uku aka yi: WRECA ta hukumar ruwa da gine-gine ta jihar Kano, Golden Stars, da Bank of the North. Ka ga ita ma jikar ma'aikata da banki ce. Da kamfanoni suka ja da baya, gwamnatocin jihohi ne kaɗai ke da kuɗin ɗaukar tawaga a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal, kuma kowace sabuwar jiha na son a ji sunanta a rediyo ranar Lahadi. Haka aka samu El-Kanemi Warriors, Katsina United, Wikki Tourists, Gombe United, Nasarawa United da sauransu. Ba don haka ba da ƙwallon Arewa ta mutu a shekarun 1990, wannan gaskiya ce da masu zagin tsarin ke mantawa.

Illarsa kuwa a fili take ga duk wanda ya taɓa kusantar ofishin ƙungiya. Kuɗi na fitowa ne daga kasafin jiha ta hannun ma'aikatar wasanni ko ofishin gwamna. Ana rubuta takarda, ta jira sa hannu, ta jira a saki kuɗi, ita kuwa kakar wasa ba ta jira. Daga nan ake samun bashin albashi, da kuɗin sa hannu da aka yi alkawari ba a cika ba, da alawus ɗin wasa na makonni. Shugabannin ƙungiya naɗi ne na siyasa, in gwamna ya sauka sai a rushe su, sababbi su zo da kocinsu, koci ya zo da 'yan wasansa. Saboda ba wanda ya san gobe, yawanci kwantiragi gajere ake ba ɗan wasa, sai ya yi fice ya tafi Tunisiya ko Sudan ko Turai ƙungiya ba ta samu abin kirki ba. Filin wasa na jiha ne, don haka ƙungiya ba ta da kadarar da za ta nuna wa banki ko mai zuba jari. Kuɗin ƙofa ba ya cikin lissafin rayuwa, shi ya sa ake buɗe ƙofa kyauta in ana son cika fili. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma matsin lambar cin wasan gida ko ta halin ƙaƙa, domin shugaban da aka doke a gida yana tsoron kujerarsa. An daɗe ƙungiyar gida ce ke kula da masauki da alawus ɗin alƙalan wasa, ka ga kuwa an buɗe ƙofar zargi. Pillars ta yi shekara goma sha biyu ba a doke ta a gida a gasar ba, daga 2003 har Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Ƙarfinta da cikar filin Sani Abacha gaskiya ne, amma a gasar da cin wasan waje ya zama abin labari, ƙungiya ba ta koyon yadda ake fita a yi nasara a Alƙahira ko Tunis.

Wannan ya taimaka wajen jinkirin da muka yi a babban kofin nahiya, na zakaru, wanda aka fara a 1964. Kotoko ta ɗauke shi tun 1970. Mu sau huɗu muna zuwa wasan ƙarshe muna dawowa hannu rabbana: Rangers a hannun Hafia ta Gini a 1975, Shooting Stars a hannun Zamalek a 1984 da 1996, Iwuanyanwu Nationale a hannun Setif ta Aljeriya a 1988, inda Iwuanyanwu ta ci 1-0 a gida ta je aka zura mata huɗu. Sai Enyimba ta Aba ta fasa ƙwaryar a 2003, ta doke Ismaily ta Masar 2-0 a Aba, aka ci ta 1-0 a can, koci Kadiri Ikhana, Vincent Enyeama a raga. Ta maimaita a 2004 a kan Etoile du Sahel a bugun fenariti a Abuja. Enyimba ma ta gwamnatin Abiya ce. Abin da ya bambanta ta shi ne gwamna Orji Uzor Kalu ya saki kuɗi a kan lokaci, kuma aka bar shugaba guda, Felix Anyansi-Agwu, ya yi shekaru fiye da ashirin a kujera. Zuwa 2025 kofi tara take da shi na gasar ƙasa, ba wadda ta kai ta. Pillars ta ɗanɗana irin wannan zaman lafiyar: ta ci gasa a 2008, ta fitar da Al Ahly a 2009 da dokar ƙwallon waje (in an yi kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawa ne ke wucewa) bayan 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da ƙarshe inda Heartland ta tsayar da ita, sannan ta ci gasa uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu, sai a shekara ta gaba ta dawo. Rangers kuwa, duk girman sunanta, shekara 32 ta yi tsakanin kofin 1984 da na 2016.

In kana son ganin wata hanyar, dubi Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, wadda ta ci gasar a 2025. Ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, amma ya yi abin da Leventis da Abiola Babes ba su yi ba: ya gina fili na ƙungiyar, ya kafa makarantar horar da yara, yana sayar da 'yan wasa zuwa waje da cikakkiyar takarda. ASEC Mimosas ta Abijan ta daɗe tana rayuwa da irin wannan, daga makarantarta su Kolo da Yaya Toure suka fito. Sai dai har yanzu Remo a wuyan mutum ɗaya take, kuma tarihin da na zayyana maka ya isa ya sa a yi hattara.

Ga Pillars, matakan ba ɓoyayyu ba ne. A yi rajistar mambobi masu kati da kuɗin shekara, masu ƙuri'a wajen zaɓen wasu kujerun hukumar gudanarwa. Gwamnati ta ba ƙungiyar hayar filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ta shekaru masu yawa a rubuce, domin shaguna da talla da kuɗin ƙofa su shiga asusunta kai tsaye. A riƙa ɗaure matasan da aka raina da kwantiragin shekara uku ko huɗu, da sharaɗin kaso in an sake sayar da su gaba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana ɗan shekara goma sha bakwai, daga nan ya wuce Holan, Rasha, har Leicester. A ƙungiyar da ke da irin wancan sharaɗi, kowane ɗaya daga cikin waɗannan cinikin zai dawo da wani abu asusun Kano.