Filin Baba Likita: Na daina cin nama don ceton muhalli, Mama ta yi fushi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Likita. Ni ɗaliba ce a jami'a. A darasin sauyin yanayi malaminmu ya ce kiwon dabbobi na cikin manyan abubuwan da ke ɗumama duniya. Na kuma yi ta kallon matasan Turai da Amurka a waya, waɗanda suka bar nama da ƙwai da madara, har zuma ba sa sha. Tun bayan Babbar Sallah na daina cin nama, yanzu ina so in bar nono da ƙwai. Mama ta ce na haramta wa kaina abin da Allah ya halatta, Yaya kuma ya ce ciwo zan jawo wa kaina. Na fara jan ƙannena biyu, 'yan firamare, su biyo ni. Don Allah wa ke da gaskiya?
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku bai yi muku ƙarya ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2006 kiwo ne ke da kashi 18 cikin ɗari na iska mai riƙe zafi da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa. A 2013 ta sake lissafi ta ce 14.5, a 2023 ta sauko wajen 12. Kowanne kika ɗauka, kason ba ƙarami ba ne. A cikin tumbin saniya akwai ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da ciyawa, su ne ke ba ta damar cin abin da cikina da naki ba za su narkar ba. A wajen wannan aiki suke fitar da iskar metan, saniya kuma ta yi gyatsarta. Duk likitan dabbobi da ya taɓa huda cikin sa mai kumburi ya ji fitar iskar da kunnensa, ya kuma shaƙi warinta. Metan ta fi iskar kabon riƙe zafi wajen sau 28 in an auna a kan shekara ɗari, ko da yake ba ta daɗewa a sama kamar kabon.

Amma wannan lissafi ya yi wa shanun duniya kuɗin goro, kuma nan nake so ki tsaya ki duba da kyau. A Burazil ana sare dajin Amazon, mafi yawan filin da aka sare kuwa makiyayar shanu yake zama. Waken suyan da duniya ke nomawa, kusan kashi uku cikin huɗu dabbobi ake ba. A Amurka ana killace dubban shanu wuri guda ana ɗura musu masara har su isa yanka. Ba'amurke ɗaya na cin nama fiye da kilo 100 a shekara, ɗan Najeriya kuwa bai kai kilo 10 ba. Ƙungiyar farko ta masu cin tsirrai zalla a Ingila aka kafa ta, a 1944, wani mai suna Donald Watson da abokansa, kuma a irin waɗannan ƙasashe tsarin ya fi ƙarfi har yau. Yarinyar Landan da ta ajiye nama ta rage wani abu na gaske daga farantin da ya cika ya tumbatsa, kuma ina ganin girmanta a kan haka.

To, zo ki ga Bunajin da ke bin burtali. Da damina ciyawar daji take ci, da kaka ta shiga gona ta ci kara, da rani a ba ta harawa da dusa da ƙowa. Babu ɗaya a ciki da ake sa wa a tukunya. Inda ta kwana nan ta bar taki, kuma da takin dabbobi manoman kewayen Kano suka daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. Ɗan'uwanta na jan garma da amalanke, ba ya shan man dizal. Can arewa da Tawa, a ƙasar Azawak, ruwan sama bai isa noman gero ba. In ka cire raƙumi da saniya da akuya daga wurin, ba wake za a shuka ba, mutane ne za su tashi.

Ba na ɓoye miki ɗaya gefen. Saniyarmu ma tana gyatsa, kuma da yake lita ɗaya ko biyu take bayarwa a rana, alhali ta Holan na ba da fiye da ashirin, in aka raba iskar a kan kowace litar nono, tamu ta fi nauyi. Abin da hakan ke nuna mini shi ne saniyarmu na fama da yunwa da cuta. Gyaran yana wajen abinci da ruwa da rigakafi.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki: ƙannenki. Ki rabu da su, 'yata, da gaske nake. Ki leƙa tukunyar yawancin gidajenmu: tuwo da miyar kuka, ɗanwake, fate, kwaɗon zogale, wake da shinkafa, ƙosai da kunu. Nama sai ranar suna, ko Sallah, ko wata 'yar tsoka a miyar maigida. Talakanmu ya daɗe yana cin tsirrai ba don ya zaɓa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi muni a arewa maso yamma. Na shiga rugage da ƙauyuka a lokacin aiki, na ga bambancin yaron da ke samun ludayin nono kullum da wanda ba ya samu, tun daga gashin kai ake gani. Ƙwai ɗaya da kofin kindirmo a cikin ɗan firamare sun fi duk iskar da za ki rage da hana shi su daraja.

Ke kuwa babba ce, kina iya zaɓa. In kin bar nama kaɗai kika riƙe nono da ƙwai, ba ni da fargaba a kanki. In kuma kin dage sai kin bar duka, to ki yi da ilimi. Wake, gyaɗa, awara, riɗi, ƙuli-ƙuli da daddawa za su ba ki abin gina jiki, musamman in kina haɗa su da hatsi. Sai dai akwai sinadarin B12, wanda ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Rashinsa na kawo ƙarancin jini da mutuwar jiki da lalacewar jijiyoyi, kuma a hankali yake shigowa, wani sai bayan shekaru. Dole ki riƙa shan ƙwayarsa, su ma waɗanda kike kallo a waya suna sha. Ke mace ce mai al'ada, ki je asibiti a auna jininki lokaci zuwa lokaci, ranar da Allah ya kawo aure da ciki kuma ki gaya wa likita tun awon farko.

Game da Mama, ni ba malamin fiƙihu ba ne, ki kai wa malaminku na Islamiyya maganar. Abin da kowa ya sani shi ne an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo bai ci ba, aka tambaye shi ko haramun ne ya ce a'a, aka kuma ci a gabansa. Barin abu daban, haramta shi daban. Ki zauna da Mama cikin ladabi ki nuna mata ba ki ce layya zalunci ba ce, ba ki kuma raina girkinta ba, domin ina zaton wannan na biyun ne ya fi sosa mata rai. Uwa ta ɗora tukunya ɗiyarta ta kau da kai, da ciwo. Ki shiga kicin ki dafa naki tare da ita, ranar Sallah kuma ki ɗauki kwano ki kai wa maƙwabta rabonsu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai kiwon turke ne, raguna da bijimai, ina kai wa kasuwar Maigatari. Na ji a rediyo wai Turawa za su sa wa shanu haraji saboda iskar da suke fitarwa. Wannan ba makirci ba ne na kashe mana sana'a?
Wani Alhaji, daga Jigawa

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a turke. Labarin gaskiya ne, amma bai shafi garkenka ba. Ƙasar Denmak ce ta amince a 2024 za ta fara karɓar haraji a kan iskar dabbobin manomanta daga 2030. Ƙasa ce da aladunta suka fi mutanenta yawa, mafi yawan filinta gona ne, kuma da manomanta aka zauna aka yi yarjejeniyar. Niyu Zilan ta shirya irin wannan, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga mai da kwal ba, kuma a gida Najeriya, wanda ke neman inda zai fara ya fara da wutar iskar gas da ake ƙonawa dare da rana a Neja Delta.

Abin da zai kashe sana'arka yana kusa da kai fiye da Denmak. Dattawan kasuwarku sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yadda aka sayar da sa a kuɗin tunkiya. Yau damina na zuwa a makare, ta zo da ambaliya, ta ɗauke da wuri. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma je ka nemi burtalin da ka sani kana yaro, ka ga gona ko gida a kansa. An kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, muna jiran mu ga aikinta a ruga. Mu ma da namu laifin, kuma ina faɗa ne a matsayin wanda ya ci abinci da wannan sana'a. Yaro ya hau gawo ko maɗaci da gatari ya sassare shi tas don awaki, bana da baɗi, har bishiyar ta bushe. Wani ya cinna wa daji wuta don gafiya, ciyawar garke goma ta tafi a yini guda.

Shawarata gare ka ta kasuwa ce, kuma ita ce ta muhalli. Ka sayi harawa da kaka tana araha, ka ɗora a rumfa inda rana da ruwa ba za su cinye ta ba. Ka yi wa shanu rigakafin ciwon huhu, ka ba da maganin tsutsa kafin ka fara turke. Dabba mai cuta tana ci, tana gyatsa, ba ta ƙiba. Bijimi biyar da suka isa kasuwa a wata huɗu sun fi goma da ke jan ƙafa shekara guda, ga aljihunka da kuma ƙasar da ke ciyar da su.

TAMBAYA: Baba, ni awara nake soyawa a bakin titi. Ana ta cewa kowa ya taimaki muhalli. Mace ɗaya irina me za ta iya?
Wata uwar marayu, daga Kano

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Allah ya raya marayu. Ki sani abincin da ɗalibar can ta Zariya ke nema, ke kike sayar da shi kullum a kan farashin da talaka zai iya. Abu biyu ke hannunki, itace da leda.

Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafinsa a iska. In kika samu murhu mai tsimin itace, ko kika gina na laka mai baki ɗaya ya rungume kaskon, za ki ga ragin a kuɗin itacen mako, idanunki da ƙirjinki ma su huta da hayaƙi. Kada ki raina aikin mutum ɗaya a kan bishiya. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, kowa a gonarsa ya daina tumɓuke kututture, ya bar reshe biyu ko uku su tashi, abin da suke kira sassaben zamani. Da haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, cikin bishiyoyin da suka tashi akwai gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

Leda kuwa ita ce ta fi ci mini rai. Ki tambayi kowane mahauci a kwata abin da yake tararwa in ya farke tumbi. Na sha ganin an zaro dunƙulen leda da igiya da tsumma, sun murɗe sun yi tauri, sai mutum ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga. Akuyar ta yi ta ramewa cikinta na kumbura, mai ita na ta sayen magani, alhali ba wurin da abinci zai zauna. Ledar da ta taɓa mai da yaji ita dabba ta fi bi, wato irin wadda ake ƙulla awara a ciki. Ki ajiye 'yan faranti da tsinke don masu ci a wurin. 'Yan unguwa masu aiko yara, ki ce su zo da kwano, ki ɗora musu gyara ɗaya, kuɗin ledar da kika huta saye zai biya. Ki rataya buhu kusa da kasko don wadda aka yar, in kin tashi da dare ki ɗaure bakinsa, domin da asuba awakin unguwa ke riga mai shara isowa.