Yadda Makaho Yake Gina Menu

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka gina menu a manhajar da kake rubutawa alhali ba ka ganin allo. Ka ce ka buɗe wurin zane na Visual Studio, inda masu ido suke jawo abu da linzami su ajiye inda suke so, sai NVDA, manhajar da ke karanta maka allo da murya, ta riƙa faɗa maka abin da bai kai ka ko'ina ba, har ka fara zaton wannan ɓangaren sai mai gani. To, rufe wurin zanen nan, ba ka bukatarsa. Duk abin da yake yi wa masu ido, layukan kod ne yake rubuta musu a ɓoye, kuma kai ma kana iya rubuta su da yatsunka.

Menu tsari ne na uwa da 'ya'ya. Sandar sama tana ɗauke da Fayil, Gyara da Taimako, Fayil yana ɗauke da Buɗe, Ajiye da Fita, wani kuma yana da jikoki a ƙarƙashinsa. Wanda kullum da kunne yake bin irin wannan tsari ya riga ya san shi ciki da waje. Tunda Python kake koyo, kama wxPython, kayan gina tagogi da menu a Python, domin da ita aka gina menu da tagogin NVDA kanta. Ka ƙirƙiri wx.MenuBar, ka ƙirƙiri wx.Menu, sannan ka riƙa ƙara abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka fara, shiga saitin NVDA ka kunna sanar da shigewar layi da sauti, yadda kowane zurfi zai zo maka da tasa ƙarar, don a Python gurbi ɗaya kan lalata aiki.

Saurari wannan layin harafi-harafi:

fayil.Append(wx.ID_SAVE, "&Ajiye\tCtrl+S")

Alamar & da ke gaban A ita ce ta mai da A maɓallin isa: in menu yana buɗe aka danna A, an ajiye. Wannan \t kuwa yana raba suna da gajeriyar hanya, kuma wx da kanta za ta haɗa Ctrl+S da umarnin ba tare da ka ƙara komai ba. Idan ka sauka a kansa za ka ji sunan, ka ji gajeriyar hanyar, ka ji harafin. In ɗaya bai fito ba, koma kan layin.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Ka sa Ajiye da Aika a menu ɗaya, duka ka ba su A. Windows ba za ta yi ƙorafi ba, amma danna A zai riƙa kai mutum daga wannan zuwa wancan, sai ya ƙara da Enter kafin wani abu ya faru. Ba Aika harafin K. Kuma kada ka ɗora maɓallin isa a kan ɓ, ɗ ko ƙ, domin ba kowane kibod ne yake fitar da su kai tsaye ba.

Ina so ka riƙe wannan da kyau: yi amfani da menu na asali da tsarin kwamfutar ya tanadar. Windows tana miƙa wa manhajar karatu suna, matsayi da halin kowane abu ta hanyar MSAA, wadda take nan tun 1997, da kuma UI Automation da ta zo daga baya. Menu na asali yana magana da su tun daga haihuwa, kuma kyauta yake zuwa da Alt ko F10 don shiga sanda, kibiyoyi don yawo, Escape don fita. Wanda ya zana nasa menu da launuka don ya burge, in bai sake gina duk wannan da hannu ba, ya rufe mana ƙofa. Abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na ci karo da shi, kuma ba na so ya fito daga hannun wanda na koyar. Tun ran gini tun ran zane.

Halin abu ma a bar tsarin ya faɗe shi. Zaɓin da ake kunnawa a kashe, yi shi da AppendCheckItem, manhajar karatu za ta sanar ko yana kunne. Umarnin da ba zai yi aiki yanzu ba, kashe shi da Enable(False), kada ka cire shi. Mutum ya haddace cewa Fita na uku ne daga sama, in ka riƙa cirewa kana mayarwa ka rikita masa hannu. Wanda zai buɗe taga ya nemi ƙarin bayani, sa masa ɗigo uku a ƙarshen suna. Idan tagar ta rufe, tabbatar kibod ya koma daidai inda mutum yake aiki kafin ya buɗe ta. Menu na danna dama kuma, gwada shi da Shift+F10.

In aikin ya kai ka burauza, yi hattara da ARIA, alamomin da ake sa wa shafin yanar gizo don manhajar karatu ta san mene ne kowane abu. Rubuta role="menu" ba ya ƙara wa abu ko motsi ɗaya, alkawari ne kawai ka yi wa manhajar karatu cewa kibiyoyi da Escape za su yi aiki, kuma kai ne za ka cika shi da JavaScript, ka kuma riƙa sabunta aria-expanded. Jerin mahaɗai na zuwa wasu shafuka ba ya bukatar wannan, bar shi jerinsa a cikin nav, alamar HTML ta rukunin mahaɗai.

Akwai abin da kunne ba zai gaya maka ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Rubutu yana iya yankewa a allo NVDA ta karanta shi cikakke. Launin rubutu yana iya nutsewa cikin na bango. Na biyun lissafi ne: ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da yanar gizo tana neman bambancin 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma daga lambobin launi ake fitar da shi. Don wuri da girma, tsaya a kan abu ka danna NVDA+F1, za ka samu sunansa, matsayinsa, halinsa da inda yake a allo cikin lambobi. Sauran kuwa, nemi mai ido, amma kada ka ce masa "ya yi kyau?", don zai ce ya yi. Tambaye shi ko akwai kalmar da ta yanke, ko wani abu ya hau kan wani, ko hoton da ke gefen Ajiye ya dace da sunan.

Yanzu je ka gina Fayil mai abu biyar, ɗaya mai kunnawa da kashewa, ɗaya a kashe, ɗaya mai jikoki. Bi shi da NVDA, sannan ka rufe ta ka sake bi da Narrator, manhajar karatu da ke zuwa da Windows, domin ba koyaushe suke faɗin abu iri ɗaya ba. Rubuta abin da kowace ta faɗa a kan kowane layi, ka kawo mini mu saurara tare.