Famfon Jirgin Ruwana Ya Cika Ƙara

Tambaya: Ina da jirgin katako da nake fito da shi a Yawuri, kuma duk lokacin da na kunna famfon da ke kwashe ruwa daga cikinsa, sai jirgin ya ɗauki rawa da ƙara har fasinjoji su tsorata. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, galibi laifin yana wurin ɗauri ne. Idan aka ɗaure famfo kai tsaye a jikin katako, jirgin kan zama tamkar ganga, yana ƙara wa kowace girgiza amo. Ka shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin famfon, ko da yankin tsohuwar taya ce, sannan kada ka matse notocin har robar ta daskare, domin da zarar ta rasa laushinta, girgizar za ta ratsa ta. Haka kuma ka sa tiyo mai laushi, kamar rabin mita, tsakanin famfon da bututu mai tauri.

Idan ƙarar ta yi kama da ta tsakuwa a gwangwani, to famfon yana zuƙar iska ne, ko ciyawa ta toshe rariyar bakin tiyon. Ina roƙonka kada ka lulluɓe famfon da buhu don rage ƙara, domin zafi zai ƙone shi.