Amsoshin Tambayoyinku: A Juya Bayan Kwalin Kafin a Sayi Man Ƙaiƙayi

Hunturu ya sauko Bauchi, kuma duk shekara idan ya sauko, saƙonnin ƙaiƙayi ne ke cika mini waya. Ga waɗanda na tsamo a wannan makon.

"'Yata shekararta 3. Bayan gwiwarta da lanƙwasar hannunta sun yi baƙi sun yi kaushi, tana susa har jini. Mai kemis ya ba ni wani mai da ya ce yana kashe komai. In na shafa ya kwanta, in na daina ya dawo. Kwali na huɗu ke nan. In ci gaba da saye ko in canza?" Wata uwa daga Fadamar Mada

Maman yarinya, ɗauko kwalin ki juya bayansa, ki duba ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Ina kyautata zaton za ki ga sunaye uku a jere, kuma ɗaya daga ciki betamethasone ne ko clobetasol. Waɗannan su ake kira sitiroyid, kuma masu ƙarfi ne. Sauran biyun, ɗaya na makero ne, ɗaya na kashe ƙwayar cuta. Sitiroyid ɗin ne ke kwantar da abin cikin kwana biyu har ki ji daɗi. Amma fatar ƙaramin yaro siririya ce, tana zuƙe maganin har cikin jini. In aka daɗe ana shafawa, wurin zai yi fari, fatar ta ƙara sirancewa, nankarwa ta fito, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo da fushi. Shi kansa neomycin, maganin kashe ƙwayar cutar da ake haɗawa a irin wannan mai, yana sa wasu mutanen ƙaiƙayi. Kada ki sayi kwali na biyar.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da kircin nan na gado, wanda ke bin gidajen da ake da asma ko yawan atishawa. Ba ɗaukarsa ake yi ba, don haka kada a ware mata kwano ko a hana ta wasa da 'yan'uwanta. Fatar ce ba ta iya riƙe danshi, sai iskar hunturu ta ƙara busar da ita, ta tsage, sabulu da ƙura su shiga su tayar da ƙaiƙayi. A jikin farar fata wurin ja yake yi. A namu jikin duhu yake yi ko toka-toka, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗauka datti ne su sa soso su dirje. Ƙara wa wuta fetur ke nan.

Kuɗinki ki kai shi kan mai zalla. Basilin fari marar ƙamshi, babban gwangwani, ko man kaɗanya mai kyau. In za ki sayi na kaɗanya a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ki shinshina: wanda aka zuba wa turare ki bar musu abinsu. Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai tururi ba, kuma ban da soso. Da fitowarta, jikin da sauran lema, ki lafta mata man. Ki ƙara da rana, ki ƙara kafin barci. Sabulun da ake tallatawa yana kashe ƙwayoyin cuta da ruwan maganin da ake ɗigawa a bokitin wanka, ki ajiye su. Rigar sanyi mai gashi-gashi kada ta taɓa fatarta kai tsaye, ki sa mata ta auduga a ciki. Ki yanke mata farce.

Idan wurin ya tashi, akwai sitiroyid mai sauƙi, hydrocortisone kashi 1 cikin 100, sau biyu a rana na kamar kwana 7. Awonsa: abin da kika matso daga kan ɗan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko ya isa ya rufe faɗin tafin hannun babba guda biyu. Amma tunda an shafa mata mai ƙarfi har kwali huɗu, na fi so likita ya fara ganin ta, ko a asibitin unguwa ko a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa. Ki tafi da kwalin a jaka. In kuwa wurin ya fara tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ko zazzaɓi ya biyo baya, ranar za ki kai ta.

"Ƙanena ya dawo hutu daga makarantar kwana yana susa. Yanzu mu shida ne a gidan ba ma barci. Na sayi man ƙuraje da ƙwayar ƙaiƙayi, a banza. Wane magani ne mai ƙarfi?" Wani magidanci daga Azare

Malam, ba ƙarfi ne ya gaza ba, saiti ne. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, ya kama gida guda, sunansa ƙazuwa har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ka duba tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, ƙugu da gaban maza. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata yana ƙwai. Wanda ya ɗauka karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana rabawa. Ba ciwon ƙazamai ba ne, ciwon cunkoso ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci tun 2017.

Ka nemi man shafawa na permethrin kashi 5 cikin 100. A shafe jiki duka daga wuya zuwa tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, a kwana da shi awa 8 zuwa 12 kafin a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Wanda ya yi alwala a tsakani ya sake shafa wa hannu da ƙafa. In ba a samu ba, akwai benzyl benzoate, ya fi araha amma yana da raɗaɗi, kuma na yara sirkawa ake yi. Jarirai da mai ciki, a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Inda mutane ke asarar kuɗinsu shi ne a yi wa masu susa a bar sauran. Kowa da kowa, dare ɗaya. Washegari a wanke zannuwan gado da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana; abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda aƙalla kwana 3, ƙwaron ba ya daɗewa in babu jikin mutum. Ƙaiƙayin kan iya kai mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada ka ce maganin jabu ne. Yaron da ƙurajensa suka yi mugunya, ka sa ido: kumburin fuska ko fitsari mai kalar shayi alamar ƙoda ce, asibiti kai tsaye.

"Bikina saura wata ɗaya. Bara da aka yi mini baƙin lalle hannuna ya yi ƙuraje daidai zanen. Mai ƙunshin ta ce in sayi mai tsada ba zai yi ba." Wata amarya daga Yelwa

Amarya, Allah ya sanya alheri. Ba na jin tsada za ta cece ki. Lalle na ganye ja yake kamawa, kuma sai an jira shi. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin mintuna galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ba ya mantawa. Karo na biyu ya fi saurin tashi, ya fi muni, har da bororo da tabon da zai yi watanni. Kada garin gyaran gira a rasa ido ana saura kwana uku ɗaurin aure. Ki sayi garin lallenki da kanki, a kwaɓa a gabanki. Baƙin rinin gashi ma ki kiyaye shi, danginsu ɗaya.

Sai mai tambaya daga Dass kan makeron da ya cinye gashin kan ɗansa: man shafawa ba ya kaiwa saiwar gashi, maganin sha ake bayarwa, irin su griseofulvin, na mako 6 zuwa 8, kuma da awon nauyin yaro ake rubuta shi. Ka saya masa injin askinsa na kansa, ka riƙa zuwa da shi wurin mai aski.